Ƙofofin Gidan Zarto

Mahaifina kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba. Ƙofa ce sana'arsa. Shi zai yanka ta, ya rataya ta, ya sa mata hinji da sakata, in kuma ta fara kuka ya rufe mata baki. Shi ya sa mutanen unguwa suke ce masa Shiru. Wanda ya ji sunan daga nesa zai ɗauka wani mai kawaici ne, sai ya zauna kusa da shi tukuna. Mamarmu takan ce duk ƙofar da ke garin nan ya yi maganinta, saura wadda ke ƙarƙashin hancinsa.

Baba ba ya iya jin ƙofa tana ƙara ya wuce, kuma mun sha kunya a kan haka tun muna yara. An taɓa kiransa makarantarmu saboda na yi dambe da wata. Shugabar makaranta tana ta zayyana masa laifina, shi kuwa hankalinsa yana kan ƙofar ofishinta, wadda ta yi ƙiii lokacin da muka shiga. Tana tsakiyar magana ya miƙe, ya zaro 'yar kwalbar mai daga aljihu, ya ɗiga, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, sannan ya dawo ya zauna ya tambaye ta ina aka tsaya. Haka yake yi a asibiti, haka yake yi a gidan surukai. A wurinsa ƙofa mai kuka abin kunyar mai gida ce, daidai da mutum ya fita da yagaggiyar riga.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga. Akwai dogon teburi da duk jikinsa tabon zarto ne, da gwangwanayen madara cike da ƙusa da noti, da ƙyamaren da masu su suka manta da su jingine a bango. Hoto ɗaya tak ya rataye a wurin: samari biyu ramammu riƙe da ƙyaure ɗaya suna dariya. Na hagu Baba ne. Na dama amininsa ne, Zarto, wanda ya samo sunansa daga irin minsharin da yake yi a zamanin da suke kwana a shagon maigidansu suna koyon aiki.

Zarto ya bar ƙasar tun ban yi wayo sosai ba. Ya sami aiki a wani kamfanin kayan katako a can ƙetare, ya ɗauki matarsa suka tafi, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma suka watse. Amma zumuncinsa da Baba bai yanke ba, domin an gina shi ne a kan faɗa, kuma faɗa ba ya tsufa. Da aka fara yayin waya mai hoto, duk ƙofar da Baba ya rataya sai ya ɗauke ta ya aika masa. Kafin ya wanke hannu amsa ta iso: hinjin ƙasa ya karkace, ko fentin ya yi kauri, ko kuma wane makaho ne ya auna wannan. Sai Baba ya wuni yana masifa cikin jin daɗi, yana nuna wa mai wanki saƙon yana cewa a duba masa rashin kunya.

Ana nan sai amsoshin suka canza. Zarto ya daina rubutu, sai dai ya kira, kuma kiran gajere. In Baba ya tambaye shi ko ya ga ƙofar, sai ya ce ya gani, ta yi kyau. Mutumin da bai taɓa cewa wani abu ya yi kyau ba tun da uwarsa ta haife shi. Baba ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya shirya masa tarko. Ya rataya wata ƙofa a karkace da gangan, karkatar da ko akuya za ta gane, ya ɗauka ya aika. Zarto ya kira ya ce ta yi kyau. Ranar Baba bai ci abincin kirki ba. Ya ce wa Mama mutumin nan ya daina kallon aikinsa, ya wuce ajinsa, yanzu lallashinsa yake yi kamar yaro. Ni ban taɓa ganin abin da ya karya masa gwiwa kamar wannan ba.

Saboda haka da likita ya ce bayansa yana neman hutu, yayyena suka haɗa kai za su kai shi yawon buɗe ido ya sha iska, ba a ja da shi ba wurin zaɓen ƙasa. Ya ce wurin Zarto za shi. Ya ce zumunta a ƙafa take, gani kuma ya kori ji, yana so ya dubi tsabar idon mutumin nan ya san ko har yanzu yana da amini ko babu. Aka ce ni zan raka shi, don a kantin magani nake aiki na san lokutan shan ƙwayoyinsa, kuma duk gidan ni kaɗai nake iya ɗaga masa murya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini, ni kuwa na riƙe muƙamin hannu bibbiyu. Na kafa masa doka ɗaya: hutu za mu, ba zai taɓa ƙofar kowa ba. Ya yi alkawari har da dafa ƙirji. Mama kuma ta ce ita ba ta son tsaraba, hotonsa kawai take so a bakin teku.

A filin jirgi alkawarin ya fara wari. Na'urar bincike ta yi ƙara a kansa, aka mayar da shi ta sake yi. Aka ce ya cire takalmi. Sai ga sukundireba a cikin safar dama, ga 'yar kwalbar mai a ta hagu. Jami'in ya ɗaga su sama yana kallona, ni ina kallon ƙasa ina fatan ta tsage. Baba ya ce shi bai san yadda aka yi suka shiga ba. Aka jefa su kwandon shara, ya bi su da kallo kamar an kai ɗansa makarantar kwana. A cikin jirgi ya je banɗaki ya dawo ya raɗa mini cewa ƙofar ba laifi, amma da shi ne da ba haka zai yi ta ba.

Mun sauka cikin sanyi mai shiga ƙashi. Tun daga nesa Baba ya hango Zarto, dogo har yanzu, da baƙin tabarau, matarsa tana riƙe da hannunsa. Baba ya ɗaga hannu yana kaɗawa, ya ɗaga jaka yana kaɗawa, saura kaɗan ya ɗaga ni. Zarto yana fuskantar inda muke amma ko gezau. Sai da Baba ya zo dab da shi ya ce, “Kai, Zarto, ko sai na nuna maka katin shaida?” Nan fuskar ta washe, suka rungume juna suna bubbuga baya. Na yi murna, amma na ga Baba ya ajiye abin a ransa. Ya juya wurin matar, wadda muke ce wa Gwaggo, ya gaishe ta da amarya kamar yadda ya saba tun suna da ƙuruciya. Ta ce amaryar da ke da jikoki ai sai dai a ce mata sannu.

Gidansu ƙarami ne, a hawa na sama, da falo mai kafet da taga mai kallon layin dogo. Ƙofar waje ta ƙarfe ce, ta mai gidan haya, ba ta da magana. Amma na ciki, wayyo. Ta kicin tana yin ƙyas-ƙyas sau biyu kamar mai tsaki. Ta banɗaki tana jan ƙasa. Ta ɗakin barcinsu tana gurnani, ta ɗakin baƙi kuwa, inda aka sauke Baba, wani siririn fito take yi mai tsawo har sai ta gama buɗewa. Kowacce ta yi ƙara sai in ga kafaɗar Baba ta motsa kamar an tsikare shi. Ya dube ni, na zare masa ido. Da muka keɓe ya ce in ji masa abin kunya, gidan kafinta guda ƙofofi suna koke-koke kamar gidan makoki. Ya ce yanzu ya tabbata mutumin nan ya manta sana'a, wanda ya manta sana'a kuwa ai ya manta wanda suka koya tare.

Abin da na lura da shi, ban kuma ba shi muhimmanci ba, shi ne Zarto ba ya juyawa in an shigo. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, sai ka ji ya ce, uwargida, tunda kin shiga kicin a ɗora mana shayi. Ko ya ce, Shiru, ka fito ke nan, ya bayan? Na ɗauka kaifin kunne ne irin na tsofaffi masu son sanin komai.

Aka shiga yawon ganin gari. Zarto ne jagora, Gwaggo a maƙale da hannunsa, mu muna biye. Baba yana ta gunaguni a kunnena cewa a dubi tsoho da furfura yana tafiya riƙe da hannun mace a titi, zaman ƙetare ya gama da shi. Mun hau jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, mun ga gada mai tsawon da ido ba ya kai ƙarshenta, mun shiga gidan tarihi. A gidan tarihin mutane suna kallon zane-zane da tulunan da, Baba kuwa ya tsaya a mashiga yana shafa wata ƙatuwar ƙofa mai hinji kamar cinyar sa, har mai gadi ya zo ya nuna masa da hannu cewa ba a taɓawa. Na ba shi wayata ya ɗauki abin da ya burge shi don mu nuna a gida. Da na duba daga baya, hinji ne, da sakata, da wani hinjin, da rabin kunnena.

A wani babban fili Zarto ya tsaya, ya ɗaga sandarsa ya nuna sama, ya ce Baba ya dubi agogon hasumiyar nan, duk ƙasar babu irinsa, ya dubi yadda aka zana lambobin da ruwan zinariya. Muka ɗaga kai. Hasumiyar tana lulluɓe da koren tampol tun daga sama har ƙasa, ana gyara. Gwaggo ta yi maza ta ce sanyi ya yi yawa a wuce. Can Baba ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Kin gani ko, Uwata? Ko ɗaga kai bai yi ba. Yadda yake yi wa hotunana ke nan.”

Ni na riga shi gano zancen, kuma ba wayona ba ne, sana'a ce. Na buɗe firij zan ɗauko madara sai na ga ƙananan kwalaben maganin ɗigawa a ido jere a marfin. Na san su, na kuma san ba a haɗa wa mutum irinsu sai abu ya yi nisa. Na juyo sai ga Gwaggo a bayana. Ta tura ƙofar kicin ta yi tsakinta sau biyu, sannan ta gaya mini. Idon ya daɗe yana tafiya, yanzu haske da duhu kawai yake rabewa. Titunan da yake kai mu da ka ya haddace su. Ya sa ta yi rantsuwa ba za ta gaya wa Baba ba. Na ce don me, ai ciwo ba abin kunya ba ne. Ta ce tun da abin ya same shi kowa ya koma yi masa magana a hankali, 'ya'yansa, maƙwabta, har ita kanta. Shiru kaɗai ya rage a duniya da yake yi masa masifa kamar cikakken mutum. In ya sani, shi ma zai koma sannu-sannu, shi kuwa Zarto ya ce gara ya rasa idon sau biyu.

Na fito daga kicin. Ga tsoho ɗaya yana ganin an raina shi, ga ɗaya yana tsoron a ji tausayinsa, ni kuma an ɗaure mini baki a tsakiya. Haushinsu ya kama ni su duka biyun, da girmansu da komai.

Ana haka ranar ganin likitan idon ta zo. Aka ce wa Baba za a je gaida wani tsohon abokin aiki, ni kuma zan bi su in ga kantuna. Baba ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya motsa, shi kwanciya zai yi. Ya kamata in yi zargi, domin Baba bai taɓa amsa cewa bayansa yana ciwo ba sai in yana da wata manufa. Na duba aljihunsa da safarsa ban ga komai ba, na tafi hankali kwance. Ban yi lissafin cewa Gwaggo tana da keken ɗinki ba, keken ɗinki kuwa ba ya rabuwa da kwalbar mai. Sukundireba kuma, ashe wuƙar shafa bota ma tana yi.

Mun dawo da la'asar. Ƙofar kicin a buɗe take yadda muka bar ta, muka wuce da kaya ni da Gwaggo. Zarto ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya cire tabarau yana murza ido, don ya san baƙonsa yana ɗaki yana barci. Ina jera kaya sai na hango ƙofar ɗakin baƙi ta buɗe. Babu fito, babu komai, kamar iska ta tura ta. Baba ya fito ba takalmi, kwalbar man keke a hannu, bakinsa har kunne. Ya tsaya a gefe yana kaɗa ƙofar gaba da baya, yana jiran amininsa ya juyo ya gani, ya yaba ko ya kushe, ko wanne ya samu yana so. Ya kaɗa, ya sake kaɗawa. Ya ɗaga kwalbar sama. Zarto yana zaune bai fi taku kaɗan da shi ba, idonsa a buɗe, bai san da mutum a wurin ba.

Na ga murmushin Baba yana raguwa. Kafin ni ko Gwaggo mu yi wani motsi, Zarto ya juyo wajen kicin ya yi ƙasa da murya.

“Uwargida, tun bai tashi ba, gaya mini. Ya tsufa? Jiya ya ce in dubi furfurarsa, na yi dariya kawai. Ban sani ba ko gefe-gefe ce ko duk kan ne.”

Gwaggo ta toshe baki da gyale. Baba ya dubi idanun nan da kyau, ya dubi ƙofar da ke hannunsa, ya dube ni.

“Duk kan ne,” in ji shi. “Har da gira.”

Zarto ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya tambaya ta ina ya fito, yaushe ya fito, me ya sami ƙofar. Baba ya ce gyara ta ya yi, ita da 'yan uwanta duka, tunda mai gidan ya zama malalaci. Daga nan aka ɓalle. Zarto ya ce wa ya aike shi, ya kashe masa gida. Ya ce ƙofofin nan da hannunsa ya ba kowacce muryarta lokacin da ido ya fara tafiya, wannan ya sassauta mata noti, waccan ya ɗan lanƙwasa mata ƙarfen tsakiya, har ya zama yana zaune ya san wa ya shiga ina, wa ya fito. Yanzu ga shi an mai da shi baƙo a falonsa. Ya ce wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, sai dai shi idon ma dama babu.

Ina tsaye, na san nan ne wurin. In Baba ya sassauta murya ya ce sannu, Allah ya sawwaƙe, to abin da Zarto yake tsoro ya faru. Na ga tausayin ya taso masa, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ajiye kwalbar a kan teburi da ƙarfi.

“Kai dai an yi tsohon banza,” in ji Baba. “Abokin kuka ake ɓoye wa mutuwa? Na aiko maka ƙofa a karkace ka ce ta yi kyau. Na hana kaina abinci ina cewa ka raina ni, ashe ƙarya kake shirga mini. Kuma da kake fahariya kai ka ba su murya, wannan fiton na ɗakina aikin kafinta ne? Ko ɗan koyo ba zai yi shi ba.”

Zarto ya miƙe a fusace zai shige ɗakinsa. Ƙofar ɗakin kuwa ta sha mai har ta koshi, ta ɗan turo kanta ba wanda ya ji, ya yi karo da gefenta, ƙum. Ya dafe goshi. Muka yi kansa ni da Gwaggo, Baba kuwa ko motsi bai yi ba, ya ce ai ga irinta nan, mutum ya yi ta ɓoye-ɓoye. Sai muka ji Zarto yana wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Ya yi ta har ya zauna a ƙasa, ƙulun yana tasowa a goshinsa, yana cewa a rufa masa asiri a fitar masa da wannan annoba daga gida. Gwaggo ta koma kicin tana share ido, sai kuma muka ji salatinta, ta ga abin da aka yi wa wuƙar botarta.

Sauran hutun, rabinsa a kan ƙofofin nan ya ƙare. Dokata ta mutu, ni da kaina na sayo musu sukundireba. Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana kashe kukan ƙofa, ya tsuguna yana neman yadda zai dawo da shi, kuma ya ce bai taɓa aiki mai wuya irin wannan ba. Suka ciro hinji suka wanke da ruwan zafi da sabulu, suka shanya a kan hitar ɗumama ɗaki, suka mayar. Zarto yana zaune a kujera ya karkata kai kamar alƙali. Baba ya buɗe, shi kuma ya yanke hukunci: a'a, da ta fi haka siriri. A sake. Yanzu kuma ta yi kamar kyanwa. Wane makaho ne ya ɗaure wannan notin? Baba ya ce makahon da ke ba da umarni dai. Wani lokaci Zarto ya karɓi sukundireban, ya lalubi notin da yatsa, ya juya shi kaɗan, sai ga muryar ta fito daidai. Baba ya ce sa'a ce. Ni da Gwaggo muna shan shayi muna kallonsu, ta ce rabon da ta ji mijinta yana rashin mutunci da ƙarfi haka har ta manta.

Uku sun dawo yadda suke. Ta kicin ce ta ƙi. Duk dabarar da suka yi, tsakin nan biyu bai dawo ba, sai wani dogon gunaguni da take yi ƙasa-ƙasa, ta yi kamar ta gama sai ta ƙara. Baba ya ce a sake kwancewa. Zarto ya sa aka buɗe ta aka rufe, ya saurara, ya ce a bar ta haka, ai ya gane mai wannan muryar, Shiru ne sak.

Kafin mu taho muka je bakin teku saboda saƙon Mama. A hanya Gwaggo ta zo za ta kama hannun mijinta, Baba ya ce amarya ta huta, yau aikin maza ne. Ya saƙalo hannun Zarto a nasa, suka shiga gaba, tsofaffi biyu da furfura riƙe da juna a tsakiyar titi. Na matsa kusa na tuna masa abin da ya ce a kan masu irin wannan tafiya, ya ce in kama gabana, ba a sa baki a maganar manya. Da muka isa Zarto ya ce to, gaya mini, yaya tekun yake yau. Baba ya duba ya duba, ya ce ruwa ne, da yawa. Sai kuma ya hango wata rumfar ajiye kwale-kwale a bayanmu, mai tsohuwar ƙofar katako da gishirin teku ya cinye. Nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi irin katakon, da faɗin allunan, da yadda aka jera ƙusoshin, da inda mai aikin ya yi ha'inci. Zarto yana tambaya, yana gyaɗa kai, yana cewa ai ya san za a rina. Hoton da na kawo wa Mama ke nan: su biyu sun ba teku baya, suna fuskantar ƙofar rumfa. Ta duba ta ce ita dama ta san wanda ta aura.

Yanzu Baba ya daina aika hoto. In ya rataya sabuwar ƙofa sai ya kira, ya kara wayar a jikinta, ya ƙwanƙwasa, ya buɗe ya rufe, Zarto ya saurara daga can ya ce katakon ɗanye ne. Sai a wuni ana masifa. In kuma Zarto ne ya kira, ba ya fara sallama. Gunagunin ƙofar kicin ake fara ji, dogo, ya yi kamar ya ƙare ya ƙara, sannan Baba ya ce ya ji, yana amsawa.

Da damina ta shigo bana, ƙofar ɗakin Baba ta kumbura ta fara wani ɗan kuka. Na zo gaishe su na ji, na yi mamakin yadda ta kwana da rai a gidan Shiru. Na ɗauko kwalbar mai a kan taga zan ɗiga mata. Yana kwance ya ba ni baya, bai juyo ba.

“Uwata ce ko? Na ji shigowarki. Ajiye man nan.”

Na mayar da kwalbar inda na ɗauke ta.